Zuwa Karkara da Iyali Domin Taimaka wa Lafiyar Yara: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara shida ke nan ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku muke barin birnin Kano a lokacin hutun makaranta, mu tafi wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, mu yi mako guda ko kwana goma muna taya ma'aikatan ƙaramin asibitin garin aiki. Ni malamin makaranta ne, ita kuma ma'aikaciyar jinya ce. 'Yan'uwa da abokan arziki masu niyyar yin irin wannan tafiya suna yawan yi mana tambayoyi, shi ya sa na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a nan.

Wane aiki ne iyali za su iya yi, alhali babu likita a cikinsu?

Mafi yawan abin da yake ceton ran yaro a karkara bai kai ga hannun likita ba. A asibitin sha-ka-tafi na ƙauye sau da yawa za ka tarar da malamin asibiti ɗaya ko biyu, su ne masu awon ciki, su ne masu allurar rigakafi, su ne masu cika rajista, kuma su ake tasa tsakar dare idan naƙuda ta zo. Duk wanda ya iya karatu da rubutu zai iya ɗauke musu wani kaso na wannan nauyi. Zai iya duba katin rigakafi ya fitar da sunayen yaran da suka tsallake allura, ya bi su gida-gida tare da wakilin mai unguwa. Zai iya auna damtsen yara, ya nuna wa uwa yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ya taimaka wajen ɗaura gidan sauro, ko ya ɗauki marar lafiya a motarsa zuwa babban asibiti. Abin da ba zai yi ba shi ne duba marar lafiya, ko rubuta magani, ko yin allura. Maiɗakina ma, duk da takardar shaidar aikinta, ba ta taɓa marar lafiya sai da izinin shugaban asibitin, domin shi ne zai ci gaba da ɗawainiyar yaron bayan mun koma gida.

Ta ina ake farawa, kuma wa ake fara gani?

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin a sa ranar tafiya, magidanci ya je shi kaɗai ya gana da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ya faɗi abin da yake tafe da shi, ya nemi a haɗa shi da asibitin da ke da ƙarancin ma'aikata. Jihar Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, Kano tana da 44, kuma kowace tana da jami'in da ke kula da lafiya a matakin farko. Daga nan sai fadar hakimi, sannan dagaci, sannan mai unguwa, wanda a wasu sassan Haɗeja da Gumel ake ce wa bulama. Kada a manta da liman, domin sanarwar da ya yi bayan sallar Juma'a ta fi kowace lasifika isa cikin gidaje.

Yadda aka gabatar da kai a zaure yana da tasiri ƙwarai. A zuwanmu na farko na ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, mun zo ne mu taimaka wa mutanenka." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Malam, mun gode. Amma ka fara zama ka ji abin da ke damun su." Wannan magana ita ta gyara mana tsarin tafiyar gaba ɗaya. Mata kuwa hanyarsu daban ce: maiɗakina ta fara ne da gaishe da uwargidan dagaci da ungozomar garin, kuma ta hannunsu ta samu shiga gidajen da namiji baƙo ba zai wuce zaure ba.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a je?

Kowane yanayi da cutarsa. Da hunturu mura da tari da ciwon haƙarƙari ne suke addabar yara, da bazara kuma ƙyanda da sanƙarau. Amma lokacin da buƙata ta fi tsanani shi ne tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, domin a sannan rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, sauro ya yi yawa, ruwan sha kuma ya gurɓace. Zazzaɓi da gudawa da yunwa sukan haɗu a kan yaro ɗaya. Dogon hutun makaranta ya faɗo daidai wannan lokaci, kuma a cikinsa ne ake rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata, kwana uku a jere. Mai rabo yana ba da na ranar farko a gabansa, na sauran kwana biyun kuma a hannun uwa ake barin su, kuma a nan ne ake samun giɓi, domin wasu iyaye suna ajiye ragowar sai yaro ya kwanta. Zagayen tunatarwa a rana ta biyu da ta uku aiki ne da ya dace da baƙo mai sa kai.

Sai dai damina tana da wahalar hanya. Garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja, irin su na Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, ruwa yakan yanke su, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, har sai an shiga kwalekwale. Iyalin da ba su taɓa zuwa ba gara su fara da hutun Disamba, su san gari da mutanensa, sannan su gwada damina. A kuma kauce wa shirya taron mata a ranar kasuwa: wanda ya kira taro ranar Alhamis a yankin Maigatari, ko ranar Juma'a a yankin Wudil, zai zauna shi kaɗai.

Yaya ake gane yaron da tamowa ta kama?

Ana amfani da wani ɗan tsiri mai launi uku da ake zagaya wa damtsen hagu, a tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ga yara 'yan wata 6 zuwa wata 59. Idan awon ya gaza santimita 11.5, ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, yaro yana bakin haɗari. Daga 12.5 zuwa sama kore ne. Akwai kuma gwajin kumburi: a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, idan gurbin yatsan ya zauna bai taso ba, wannan yaro asibiti ya nufa ko da awon damtsensa ya nuna kore. Iyaye da yawa suna ɗaukar wannan kumburi a matsayin ƙiba, suna murna yaro ya murmure, alhali ciwon ne ya yi nisa.

Yaron da aka samu a ja ana tura shi cibiyar kula da tamowa, inda ake ba shi abinci na musamman da aka haɗa da gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, a cikin 'yar leda mai nauyin giram 92. Ana karɓa mako-mako ana sake awo. Matsalar da muka fi gani ita ce rabawa. Uwa tana da yara huɗu, dukkansu da yunwa, an ba ta abu mai daɗi an ce na ɗaya ne kaɗai. Ban taɓa iya yi wa irin wannan uwa faɗa ba. Abin da ya fi amfani shi ne a zauna da ita a fahimtar da ita cewa wannan magani ne kamar kowane magani, sannan a taimaka wa gidan da hatsi domin sauran yaran, ta yadda rabon marar lafiyar zai tsira.

Me ya sa ba ku raba magunguna, bayan kuwa shi mutane suka fi roƙo?

Saboda mun taɓa yi, kuma mun ga sakamakonsa. A shekararmu ta farko mun cika kwali biyu da maganin zazzaɓi da na tari da na kashe ƙwayoyin cuta, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar makarantar firamare. Kafin azahar komai ya ƙare. Masu ƙarfi ne suka samu, ba masu ciwo ba. Wata uwa ta karɓi maganin ruwa ta raba wa 'ya'yanta uku cokali-cokali, ya ƙare cikin kwana biyu, babu wanda ya sha adadin da zai yi masa aiki. Bayan mako guda wasu daga cikin kwalaben suka bayyana a tiren mai talla a kasuwa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne abin da malamin asibitin ya faɗa mini daga baya cikin ladabi: mutane sun daina zuwa wurinsa na ɗan lokaci, suna cewa baƙi sun ba da kyauta, shi kuwa sai ya ce a gwada jini tukuna. Mun rage masa daraja a idon mutanen da yake yi wa hidima shekara da shekaru, mu da muka zo na kwana bakwai.

Tun daga nan duk maganin da muka saya muna saye ne bisa jerin da shugaban asibitin ya rubuta, mu miƙa shi a gaban kwamitin ci gaban mazaɓa, a shigar da shi rajista. Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba, shi ya sa kayan gwajin jini na gaggawa suke da muhimmanci daidai da maganin kansa.

To me ya kamata a kai?

A tambayi asibitin tukuna. Abubuwan da ba mu taɓa kaiwa suka yi kwantai ba su ne sabulu, da gidan sauro mai magani, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti wanda ake narkawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙwayar zinki da ake ba mai gudawa kwana 10 zuwa 14, da maganin shafa wa cibiyar jariri, da fitila mai cajin hasken rana domin ɗakin haihuwa. Kada a kai madarar gwangwani ta jarirai ko bulumboti. Inda babu tsabtataccen ruwa, kuma babu kuɗin sayen wani gwangwanin idan na kyauta ya ƙare, wannan kyauta tana iya zama ajalin jariri.

Abinci kuwa gara a saye shi a kasuwar yankin. Gero da waken soya da gyaɗa, idan aka soya su sama-sama aka niƙa tare, suna ba da garin kunu mai gina jiki wanda uwa za ta iya ci gaba da haɗawa da kanta. Zogale yana nan a bayan kusan kowane gida. Ƙwai ma akwai, sai dai ana kai shi kasuwa, wasu kuma suna hana yara ci bisa camfin cewa zai sa su sata.

Idan iyaye suka ƙi rigakafi fa?

Kada a yi musu kallon jahilai. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kimanin 200, inda 11 suka rasu, aka kuma shafe shekaru ana shari'a. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin cewa yana hana haihuwa, ba a dawo da shi ba sai a 2004. Dattawan da ke zaune a ƙofar gida sun san waɗannan labarai, kuma suna da wata tambaya mai nauyi: me ya sa ake bin su har gida da ɗigon shan inna kyauta, amma idan yaro yana zazzaɓi sai an biya?

Amsar da ta fi shiga ita ce wadda suka gani da idonsu. A Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an ga na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016. Kowane dattijo zai iya lissafa guragun da suka taso tare, sannan ya duba jikokinsa ya ga bambanci. A ɗaya ɓangaren kuma, cutar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda ta fi yin ɓarna a Kano, ta fi kama yaran da ba a yi wa allura ba, alhali rigakafinta yana cikin allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Ta ƙyanda kuma a wata 9 ake yi, a maimaita a wata 15. Mu dai abin da muke yi shi ne mu tafi da katunan rigakafin 'ya'yanmu, mu nuna. Wani magidanci ya juya katin ƙaramar 'yata ya duba, ya ce, "Ashe ku ma kuna yi wa naku?" Washegari ya aiko da matarsa da yara biyu. A kuma gaya wa uwa gaskiya tun kafin allura, cewa jikin yaro zai iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu, domin idan aka ɓoye mata ta gani da kanta, ba za ta dawo ta biyu ba.

Yaya ake magana a kan al'adun da ke cutar da jarirai ba tare da an ɓata wa mutane rai ba?

Uku ne suka fi damun mu: zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri, bisa zaton cewa gurɓatacce ne, da ba jariri ruwa tun kafin ya kai wata 6, da cire beli da wanzami yake yi a kwanakin farko. Dakashi shi ne kariyar farko da jariri yake samu daga cututtuka, nonon uwa kuma yana ɗauke da ruwan da ya ishe shi ko da a tsakiyar bazara, cire beli kuwa yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Amma mai jego 'yar shekara goma sha bakwai ba ita ke yanke hukunci a ɗakinta ba. Kakar jaririn ce da ungozoma. Saboda haka maiɗakina takan zauna da tsofaffin ne, ta ce, "Inna, ku ne kuka raine mu, ba mu zo koya muku raino ba, wani abu ne aka gano muke so mu yi shawara da ku." Ungozomar garin ta ɗauki shekara biyu kafin ta yarda da maganar dakashi, amma da ta yarda, ita ce take sa jariri a nono tun kafin a yi wa uwa wanka.

Babu haɗari a tafi da ƙananan yara?

Akwai, kuma bai kamata a raina shi ba. A tabbatar rigakafinsu ya cika kafin a tashi, su kwana cikin gidan sauro, su sha tafasasshen ruwa. Kada a bar su su shiga ɗakin da aka kwantar da mai ƙyanda ko mai amai da gudawa. Babban abin da yake jan yaran birni shi ne wanka a kududdufi da magudanan noman rani, ko a fadamun Haɗeja ko a yankin Kadawa da Kura, kuma a irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya, wadda take sa fitsarin jini. Jaririn da bai kai shekara ba, a ganina, gara a bar shi tare da mahaifiyarsa a gida. A kuma tambayi hakimi da jami'an tsaro halin da hanya take ciki, a daina tafiya da zarar magariba ta yi.

Su yaran wane aiki suke yi?

Babban ɗanmu yana riƙe rajistar awo, ta tsakiyar tana koya wa sa'o'inta wanke hannu da sabulu ko toka ta hanyar waƙa da tafi, ƙaramar kuwa wasa kawai take yi, kuma ta fi mu duka samun ƙawaye. Sharaɗinmu gare su shi ne su ci abin da aka ba su, su durƙusa su gaida manya, kada kuma su raba alewa ko kuɗi a titi.

Za a iya ɗaukar hoto domin a nuna wa waɗanda suka ba da gudummawa?

Hoton famfon da aka gyara, ko kayan da aka miƙa, ko rasiɗin saye, babu laifi, hasali ma haƙƙin masu gudummawa ne su gani. Amma hoton yaro mai tamowa tsirara a cinyar uwarsa, a ɗora a Facebook ko a tura ta WhatsApp, wannan ba ma yi, ba ma kuma yarda wanda ya biyo mu ya yi. Uwar da take jiran a taimaki ɗanta ba za ta iya cewa a'a ba ko da ranta bai so, don haka izinin da ta bayar a wannan hali bai cika izini ba. Yaron nan zai girma, hoton kuma yana nan a intanet. Addininmu ya yabi sadakar da hagu ba ta san abin da dama ta bayar ba.

Ina ake sauka, kuma me ya fi cin kuɗi?

Dagaci ne yake ba mu ɗakuna biyu a gidan ƙaninsa. Muna zuwa da hatsinmu da kayan miya mu haɗa da na gidan, domin kada baƙuncinmu ya zama nauyi a lokacin da abinci ya yi wuya. Man mota ne ya fi cin kuɗi, saboda daga Kano tafiyar awa uku ce ko fiye, sannan ga zirga-zirgar kai marasa lafiya.

Idan aka gamu da yaron da ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin ƙauye fa?

Alamomin da ba a jira da su sanannu ne: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ƙasan ƙirjinsa yana shiga ciki idan ya ja numfashi. Numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon haƙarƙari ce. A karɓi takardar turawa daga malamin asibiti a kama hanya. A Jigawa akwai babban asibitin Haɗeja, da na Jahun inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF take kula da masu haihuwa da jarirai tun 2008, da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da asibitin tarayya na Birnin Kudu. A Kano akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, da na Murtala, da asibitin koyarwa na Aminu Kano. Sau da yawa abin da yake hana tafiya shi ne maigida yana gona ko ya tafi cirani, matar kuma ba za ta fita ba da izininsa ba. Mun roƙi liman ya yi wa magidanta nasiha su bar izini tun kafin su yi nisa, cewa idan yaro ya rikice a wuce da shi asibiti ba sai an jira su ba.

Mako guda a shekara zai canja wani abu kuwa?

Shi kaɗai ba zai canja ba. Baƙo raɓa ne, kuma yaron da aka auna yau yana buƙatar wanda zai sake auna shi bayan kwana bakwai. Abin da yake ba tafiyar amfani shi ne komawa gari ɗaya kowace shekara maimakon yawon garuruwa, da kuma abin da ake yi tsakanin zuwa da zuwa. Mun koya wa mata goma sha biyu awon damtse, kowace da tsirinta, suna zagaya unguwanninsu. Mun taimaka an kafa asusun mota a hannun kwamitin gari, wanda magidanta suke zuba wa hatsi da kaka, mu ma muna sa namu, domin kada rashin kuɗin mai ya hana fita da yaro da dare. A farkon kowane wata ina kiran malamin asibitin a waya, ya karanto mini sunayen yaran da muka bari a ja, mu ji wanda ya murmure da wanda ya daina zuwa awo, idan akwai wanda ya ɓace a roƙi mai unguwa ya leƙa gidansu. Akwai shekarar da ya karanto mini suna biyu ya ce sun rasu, kuma har yau ina tuna fuskokinsu.

A tafiyar da muke shiri yanzu mun so mu kai ma'aunin nauyin jarirai, amma da aka tambayi matan garin sai suka ce famfon tuƙa-tuƙa na bakin asibiti ya lalace tun bazara, suna ɗebo ruwa daga kududdufi. Saboda haka da mai gyaran famfo za mu tafi, ma'aunin kuma sai zuwa na gaba in Allah ya kai mu.